Kaka, Na Yi Miki Kishiya

Birmingham, Ingila
20 ga Yuli

Zuwa ga uwargidana Hajiya Kaka,

Ya ƙafar taki, ya damina? Ki gyara zama, ki ajiye goron nan kada ki ƙware: na yi miki kishiya. Sunanta Charlotte, asalinta Faransa, fara ce sol, ga santsin fata. Kafin ki tara mini dangi, dankalin turawa ce, sunan irin ke nan.

Ga yadda auren ya ɗauru. A nan hukumar birni tana yanka filaye tana ba mutane haya su yi lambu, cikakken fili ya kai murabba'in mita 250. Sai ka rubuta suna ka jira layi. Rabi aka ba ni, sadaki kuma duk shekara ake biya. Lefe buhun taki ne da fartanya.

Amaryar akwai son jiki, ta fi ki shagwaɓa. Tun Fabrairu na jera irin a kiret ɗin ƙwai a bakin taga don ya sha haske ya tsiro. A Afrilu na shuka, ina barin kamar taƙi ɗaya da rabi tsakanin rami da rami. Da ganye ya ɗago sai in yi mata huɗa in ja ƙasa har wuya, domin duk ɗan da rana ta gani kore yake zama, kore kuwa guba ne. Daren da aka ce raɓa za ta daskare, har mayafi nake lulluɓa mata. Na san za ki ce ke ko zane ban taɓa saya miki ba. Ki bari, yana hanya.

Maƙiyanta biyu ne. Akwai dodon koɗi marar koɗi, mai fitowa da dare ya cinye ganye, ina farautarsa da tocila. Akwai kuma ciwon da ke baƙanta ganye ya ruɓar da 'ya'ya idan ɗumi ya haɗu da laima. Maƙwabcina a lambu, wani dattijo ɗan asalin Ayalan, ba ya dariya idan an ambace shi. Ciwon nan ne ya faɗa wa dankalin ƙasarsu a 1845, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura. Dattijon ne ya koya mini in riƙa zuba ruwa a gindi, ban da kan ganye.

Ashe ma sunan da kike kiran dankalin nan da shi aro ne. Daga tsaunukan Peru Turawa suka ɗauko shi. Sanyi yake so, shi ya sa wanda kike saya a kasuwa yawanci daga Filato yake zuwa, wajen Bokkos da Mangu.

Kuɓewar da na shuka kuwa halinki ta ɗauko: ta leƙo, ta ji sanyi, ta yi yaji. Alayyafo kuwa ya zauna daram. Wata 'yar Jamaika da ke gefena tana shuka shi, kalalu suke ce masa.

Jiya na tona kunya ta farko, na cika bokiti biyu. Da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, sai na gan ni a garkarki ta bayan ɗaki, kina riƙe da hannuna kina nuna mini zurfin rami. Na raba wa maƙwabta kafin in kai gida, yadda kike yi da yakuwar fari. Sauran na yi fate, ya yi daɗi, amma bai kamo ƙafar naki ba.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Amarya wata uku take yi a ƙasa a cinye ta, ɗakin uwargida kuwa naki ne. Ki gaida su Baba da Inna, ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Ni ne angonki,
jikanki na Ingila