Kurkunun da ya raba gida

A wani ƙauye na Dallol Mawri a Nijar, tsakanin Tibiri da Gesheme, an yi bikin aure bayan girbi. Cikin manyan baƙi akwai jikokin gidan biyu: Alhaji, ɗan kasuwa daga wajen Kangiwa a jihar Kebbi, da Mushe, tsohon malamin lakwal mazaunin Dogon Dutsi. Kakanninsu maza uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ko ba a faɗa ba fuska ta faɗa, don kowannensu yana ɗauke da tsagen Arawa, zane biyu daga gefen baki har kunne.

Bayan la'asar aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, aka kawo rake. Alhaji ya zaro damin naira zai ba da gudummawa.

Mushe ya ce, "Yaya, wanga dami duka jikka nawa ne in an canza?"

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Ƙanena, man da ke cikin babur ɗinka daga ina ya zo? Wutar da kuke kunnawa ba daga Birnin Kebbi ake jawo muku ita ba? Ku 'yan Faransi, baki gare ku."

"Ku kuma 'yan Ingilishi, kuɗi ba tsari. Ko layi ba ku iya bi."

Da nan ta tsaya da wasa ne. Amma Alhaji ya tofar da ɓawon rake ya ce kakansa ne mai zuciya, shi ya tashi ya nemi arziki, ya bar raggaye suna gadin yashi. Mushe ya ce a'a, gudu dai ya yi, ya bar uwarsa cikin yunwa. Samari na gefe suna saurare, kowa ya fara matsawa kusa da nasa. Abin da ya fi ɓata mini rai a irin wannan zama ke nan: yaran da suka zo tare a mota ɗaya, magana biyu ta raba musu tabarma.

Goggo tana bayan dangar kara tana ɓarar gyaɗa. Ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakan Mushe. Ba ta dubi kowa ba. Wata 'yar jikanya ta kira, ta zaunar a gabanta, ta ɗaga murya fiye da yadda kunnen yarinya ke bukata.

"Zo, ɗiyata, in ba ki labarin shekarar fara."

Shekarar da take nufi ita ce 1931. Fara ta cinye hatsi a yammacin Nijar, yunwa ta kashe mutane da yawa, amma kwamandan Faransi bai sassauta lanho, wato haraji, ba, gardawansa kuma ba su daina kwasar maza aikin tilas ba. Dubban mutane suka tsallaka ƙasar Ingilishi. Aikin tilas ɗin nan sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Goggo ta ce, "Kakata ta tara 'ya'yanta biyu da dare. Ta ce ɗaya ya tahi gabas ya nemo hatsi da kuɗin lanho, ɗaya ya tsaya da rijiya da gona. Babban aka zaɓa, wato ubana. An ɗaure mishi guzuri, an yi sallama. Kahin asuba ƙahwatai ta kumbura, kurkunu ya huda a idon sawu. Kin san kurkunu? Farin zare ne, a tsinke aka naɗe shi, kullum a ja kaɗan, in ya tsinke ƙahwa ta ruɓe. Ya yi wata biyu bai taka ƙasa ba. Sai ƙaramin ya ɗauki guzurin wansa ya hita yana kuka, don shi bai so tahiya ba."

Yarinya ta ce, "Ya dawo?"

"Sau uku, da dare, da gero bisa jaki. Da wanga gero ubana ya rayu. Da rijiyar da ubana ya tsare aka shayar da shanun ƙanensa shekara da shekaru. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗan'uwansa raggo ko magujin uwa ba."

Gindin mangwaro ya yi tsit.

Ita kanta iyakar da ƙaramin ya tsallaka ba ta fi kurkunun nan dalili ba. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris a 1898, layi ya bi tsakiyar Dallol Mawri, sannan ya kewaye Sakkwato da nisan mil 100. A takarda ke nan gabashin dallol na Ingilishi ne. Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, suka nemi gyara. A 1904 suka saki haƙƙinsu na musamman na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada, aka saka musu da wasu yankuna, ciki har da matsar da layin nan kudu da gabas, aka tabbatar a 1906. Ba a tambayi Sarkin Arewa ba, ba a tambayi Samna na Tibiri ba, balle garin Lugu da sojojin Faransa na Voulet suka ƙone a 1899.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Kauran Namoda a 1929, kasuwa da kuɗi suka karkata can. Nan gefen Faransi kuwa aka bar mutane da lanho da jaki da doguwar hanya. Kuma kada wani ya ce can aljanna ce: Ingilishi ne suka shafe Satiru a 1906, su ne suka kwashi talakawa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Babu wanda ya zaɓi Turawansa.

Goggo ta kakkaɓe zane, ta miƙa wa yarinya ƙwaryar gyaɗa.

"Kai wa kawunnanki. Ki ce musu gobe za a kai amarya Kangiwa. Ɗaya ya san jandarmomin wannan gehe, ɗaya ya san sojojin wancan. Su shirya tun yanzu wa zai shiga gaba a ina, ban son a tsai da ɗiyar mutane cikin rana."

Mushe ya karɓi ƙwaryar, ya miƙa wa Alhaji ya fara ɗiba, ya ce, "Yaya, ƙarfe nawa za mu tashi?"