Yadda Na Tono Sarautar Gidanmu

Tun muna yara Hajiya Kaka take gaya mana cewa mu ba ƙananan mutane ba ne, wai surukinta, wato kakan babanmu, "ya zauna a gidan sarki." Da wannan magana na girma, ina ɗaga kafaɗa a majalisa, har ranar da wani aboki ya ce, "To, wane sarkin?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Na fara da ita kanta Kakar. Na durƙusa da littafi da biro, na ce, "Hajiya, yaya sunan surukin naki?" Ta dube ni kamar na yi ashar a masallaci. "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido? Sunan uban Malam zan kama da bakina?" Mutumin ya fi shekara sittin a kabari, amma alkunya tana nan daram. A wurin wani baffana na samo sunan: Audu. Audu kawai.

Daga nan na faɗa hannun wani maroƙi. Da naira dubu biyu ya haɗa ni da Bagauda. Da na ƙara dubu ɗaya, sai ya wuce da ni Daura ya ɗaura ni a jikin Bayajidda. Na lura asalina yana tsawo ne daidai nauyin aljihuna, na gudu.

Na koma ga takarda. Tarihin Kano ɗin nan da Palmer ya fitar da Turanci a 1908 na bi shi daga Bagauda har Sarki Muhammadu Bello. Sarakai ne da yaƙe-yaƙe, babu wanda ya tuna da Audunmu. Sai na hau mota zuwa Kaduna, na leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, na zarce gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Can ne fayilolin zamanin En'e suke: rahoton Di'o, lissafin haraji da jangali, takardun shari'a. Bature bai damu da wa ya haifi wa ba, wa ya biya wa bai biya ba shi ne damuwarsa. Kwana uku ina atishawa cikin ƙura, Audu kuwa ga su nan kamar yashi.

Rana ta huɗu na same shi, da sunan ƙauyenmu da komai. Zuciyata ta buga, na fara tunanin irin rawanin da zan saya. Na karanta a hankali: an tsare shi wata uku a gidan yari saboda kuɗin haraji.

Na dawo gida jiki a sanyaye, na ce, "Hajiya, ashe gidan yari ya zauna."

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga goron da take gogawa.

"To, gidan yarin na wane ne? Na ubanka?"