Rago, Tuta da Wasan Buɗe Gasar Kwatano

A watan Janairun 2005 Jamhuriyar Benin ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta matasan Afirka 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙasashe 8 suka shiga, aka buɗe a filin Stade de l'Amitié na Kwatano, inda masu masauki suka kara da Nijeriya. A zamanin ana yi wa 'yan wasan Benin laƙabi da Kurege, sunan da bai taɓa firgita abokin hamayya ba.

Cikin waɗanda suka gangaro daga arewa har da wani ɗalibi da ke karatu a Parakou, ɗan Zangon Djougou, jikan fataken goro na hanyar Gwanja. Kuɗin mota ba shi da su. Kawunsa ya biya, bisa sharaɗi guda: Babbar Sallah saura 'yan kwanaki, zai kai rago gidan wani ɗan'uwa a Zangon Kwatano. "Ɗan nan, amana ce," in ji kawu. "To, Kawu," in ji ɗalibi, don hankalinsa na kan tutar da ya kwana yana haɗawa da kwali da takardu masu launi: kore a gefe, rawaya a sama, ja a ƙasa.

Layin dogo daga Parakou zuwa Kwatano kilomita 438 ne, ta Savè da Dassa da Bohicon. Jirgin ba mai gaggawa ba ne, hunturu kuma yana sa barci. Tsakanin Savè da Dassa ɗalibi ya gyangyaɗa, rago bai gyangyaɗa ba. Ko da ya farka, rawaya da ja sun tafi inda ba a dawowa. Abin da har yau makiyaya suka kasa fassarawa shi ne yadda dabba mai cin ciyawa ta bar koren.

Bayan ya sauke amana, sai ya hau zemijan, wato acaɓan Kwatano masu riga rawaya, ya nufi fili sanye da farin kaftaninsa na Sallah, guntun kore a hannu. A bakin ƙofa ya yi kuskure na biyu: wani ya taka shi, ya ce, "Haba malam!" Wani mai kalangu da ke kusa ya juyo, ya ga fari, ya ga kore, ya ji Hausa, ya rungume shi. "Ɗan'uwa, daga ina?" Kafin ya buɗe baki an yi gaba da shi, an zaunar da shi tsakiyar magoya bayan Nijeriya, an miƙa masa goro.

Daga nan ya kalli bikin buɗewa, gwargwadon abin da ake iya hangowa ta ƙarƙashin hammatar mai kalangu. Da aka sa taken Benin, sai ya rera shi a zuci, leɓɓa a rufe kamar mai ciwon haƙori. Yaran Samson Siasia, kocin Nijeriya, suka zura ƙwallo 3, Kurege ba ko ɗaya. Sau uku aka ɗaga ɗalibin sama. A ta ukun hawaye suka zubo masa, mai kalangu ya nuna shi ga jama'a a matsayin misalin kishin ƙasa, aka ƙara masa goro.

Nijeriya ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Masar da ci 2 da nema. Benin ta zo ta 3, ta kuma samu gurbi a gasar matasa ta duniya da aka yi a Holan a shekarar. Ɗalibin ya kalli sauran wasannin a talabijin a Djougou, sanye da riga shuɗiya. Ragon kuwa an yi layya da shi a Zangon Kwatano, aka aiko wa ɗalibin da soyayyen tumbi.