Dokin Bayajidda Mai Tashi Sama

A gidanmu an san ni da wata cuta: ba a kunna fim ɗin da aka ciro daga tatsuniya ina ɗakin a gama shi lafiya. Kafin a yi nisa an ji tsakina, sai gyaran murya, sai "Ai ba haka aka yi ba." Har ta kai in yara za su yi kallo, sai su tura autarsu ta leƙo ko Baba ya tafi masallaci.

Tun zamanin kaset abin ya kama ni. Da Sarauniya Films ta Kano ta fito da Daskin da Riɗi, nan Daura muka yi cincirindo a zauren wani maƙwabci mai janareto. Kowa ya saki baki yana kallo, ni kuwa ina gefe ina tara laifi: ɗan sarkin bai kai kyau ba, yarinyar ba ta sha wahala yadda ya kamata ba, rawanin ma bai yi mini ba. Da mai gidan ya gaji sai ya juyo ya ce, "Malam, kai da ka san Daskin ido da ido, a wace unguwa kuka haɗu?" Zaure ya kwashe da dariya. Gaskiyarsa kuwa. A tsakar gida na san shi, a bakin Iya, ta kashe aci-bal-bal don tattalin mai, mu kuma mun jeru a tabarma kowa yana ƙera nasa ɗan sarkin a duhu. To wane ɗan wasa ne zai kai wanda yaro ya ƙera wa kansa?

Ban daddara ba. Wata rana a majalisa aka ɗauko hirar Magana Jari Ce na talabijin, wanda NTA Kaduna ta yi a shekarun 1980 da su marigayi Ƙasimu Yero. Nan na buɗe baki na zuba: wai an taɓa mana gado, wai littafin Abubakar Imam tsantsar hikimar Bahaushe ce da ba ta gauraya da komai ba. Wani malamin Hausa ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi kansa Imam aro ya yi." Ashe lokacin da ya zauna rubuta shi a Zariya, har ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, akun da ke riƙe ɗan sarki Musa da labari kuwa kakanninsa na Indiya. Ya dai sa musu babbar riga, ya zaunar da su a fada, suka zama namu. Na dawo gida da zafi, na kakkaɓe ƙura daga littattafan Magana Jari Ce guda uku don in nemo wani labari da na rantse yana ciki. Har aka kira sallar isha'i ban same shi ba, don babu shi.

Mafi ciwo a rijiyar Kusugu ya same ni. Na daɗe ina cika yara da labarin Bayajidda: yadda ya baro Bagadaza ya bi ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka wajen tsohuwa Ayana, ya tarar ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin nan Sarki. A bakina kan macijin ya kai rumbu. Da muka shiga ginin da aka kewaye rijiyar da shi, autata ta ɗaga dunduniya ta leƙa, ta dubi bakin rijiyar, ta dube ni. "Baba, ta ina ya fito?" Na ce ta sha ruwa, akwai albarka.

Da dare na sake ba su labarin don in gyara mutuncina, Goggo tana gefe tana jan carbi. Ina kaiwa inda dokin Bayajidda ya tashi sama ya tsallake ganuwa, sai ta ajiye carbin. "Kai, ɗan nan, ji tsoron Allah. Wannan dokin a fim ɗin Indiya ka gano shi." Na yi shiru ina tunani. Wallahi har launin dokin na tuna, da kiɗan da ke tashi in ya ɗaga ƙafa.

Na ji an ce a Amurka ma haka aka yi da Disney ta sake The Lion King a 2019: waɗanda suka kalli na 1994 suna yara su ne suka fi kowa ƙorafi, 'ya'yansu kuwa ko a jikinsu. Ashe muna da yawa, masu zaton ranar da muka fara jin labari ita ce ranar da aka haife shi. Kewar Iya muke yi, sai mu huce a kan darakta.

Ga shi yanzu babban ɗana ya rubuta a jarrabawa cewa dokin Bayajidda ya tashi sama, malami ya soke da jan biro, yaro ya tsaya kai da fata shi Babansa ya faɗa masa. An ce in zo makaranta ranar Litinin, ina lallashin uwarsu ta je a madadina.