Majalisar 'Yan Kwando ta Faskari

A Faskari in ka ce "ƙwallo", ba wanda zai tambaye ka wace iri. Ta ƙafa ce: Arsenal, Chelsea, Madrid, Barcelona, sai Katsina United in an tuna da gida. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, ba su cika benci biyu ba, da suka ware suka ce su ƙwallon kwando suke bi, ta Amurka ma kuwa, gasar NBA. Damuwarsu agogo ne. Wasan da ake yi da daddare a New York ko Toronto ƙarfe ɗaya da rabi yake faɗowa a nan, na Los Angeles kuwa sai wajen huɗu, ya ci har sallar asuba. Ba mai gidan kallon da zai tada janareta a wannan lokaci, balle a yankin da mutane suka koyi rufe ƙofa da wuri. Don haka kallonsu duka na minti uku ne, a waya, da hantsi, a teburin mai shayi, in data ta yarda. A kan minti ukun nan ake ɗora musun da zai kai azahar.

Shugaban majalisar, ko da ba wanda ya naɗa shi, Ɗan Zariya ne. Haifaffen Faskari ne, difloma kawai ya je ya yi a Samaru, amma tun daga nan ya zama ɗan'uwan Masai Ujiri. Gaskiya ne Masai a Zariya ya tashi, a can ya soma wasa a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello, har Masai ya je ya shugabanci Toronto Raptors. Ɗan Zariya bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma "Masai namu" yake cewa, da muryar wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya. Karatunsa guda ne, kuma ya haddace shi: a Yulin 2018 Masai ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda duk Toronto ke so, ya ba San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard da ya kusan shekara yana jinya. Aka zage shi. A Yunin 2019 suka doke Golden State suka ɗauki kofi, karon farko a tarihinsu. "Wannan kan Zazzau ne," in ji shi, yana buga tebur har shayin mutane na zuba. In aka tuna masa cewa Kawhi bai ƙara wata guda ba ya tattara ya koma Clippers, sai ya ce, "Da kofin ya tafi?" Ranar da Toronto ta rabu da Masai a 2025 kuwa, gaisuwar ta'aziyya ya riƙa amsawa.

Kusa da shi Dillali ke zama, kuma ni a ganina duk majalisar shi kaɗai ya fahimci abin da ake yi. Sana'arsa shanu ce a kasuwar Sheme. Da aka yi masa bayani cewa a NBA ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, sai dai a ba da mutum a karɓi mutum, in akwai rata a yi ciko da damar zaɓen sabon yaro a wata shekara mai zuwa, sai ya gyara zama ya ce, "Ashe furfure ne. Har da ɗan da ke ciki ake sayarwa." Bai san yadda ake lissafin maki ba har yau, kuma bai damu ba. Shi dai a faɗa masa shekaru da lafiyar ƙafa. A Fabrairun 2025, da Dallas ta ba Lakers Luka Doncic mai shekara 25, wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 2024, ta karɓi Anthony Davis mai shekara 31, Dillali ya ajiye burodinsa ya yi salati. "Ba su duba haƙori ba? Wa ya tsaya a tsakani? Nawa la'adarsa?" Da labari ya zo cewa Davis ya ji rauni a wasansa na farko, bai yi dariya ba, kai kawai ya girgiza irin na wanda ya ga an cuci maraya a gabansa.

Akwai Baƙo, ɗan ƙwallon ƙafa, da shayi kawai ke kawo shi amma bakinsa ba ya haƙuri. Kullum tambayarsa fam miliyan nawa aka biya, kuma wace ƙungiya za ta faɗa rukuni na biyu. An gaya masa sau ba adadi cewa ba a faɗuwa, ƙungiyar da ta fi shan kashi ma ita ke da babban rabo wajen zaɓen yaro mafi kyau. Abin ya ƙi shiga kansa. "Wato wanda ya zo na kashin aji shi ake ba kyauta?" Ya ce da haka ake yi a Ingila, da Manchester United ta cika gida da 'ya'ya.

Mai Zargi gajeren zance gare shi: "An shirya." Dallas ta yar da Luka, bayan wata uku ƙuri'ar zaɓen sabon yaro ta faɗo mata ta ɗauki Cooper Flagg, alhali damarta ba ta kai biyu cikin ɗari ba. Wannan rana ba a iya kallon fuskarsa don annuri.

Sai Malamin Lissafi, mai ɗan littafi a aljihun gaba. Ba ya musu da baki, da lamba yake yi, kuma lamba ba ta taɓa kashe musu a majalisar nan ba. Amma ana girmama shi saboda abin da ya yi a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa har da Funtua saboda matsalar tsaro. Kakar wasa ta soma, gari shiru. Duk sanda wata hidima ta kai shi Zariya, sai ya dawo da sakamakon mako guda a rubuce, ya karanta musu tiryan-tiryan, su kuma su yi musu a kan wasannin da ko inuwarsu ba su gani ba. Ba a lura musun ya ragu da komai ba.

Dattijon majalisar, Baba, ƙwallon kwando a wurinsa ta ƙare ne da Hakeem Olajuwon. A 1984 shi aka fara ɗauka, Michael Jordan na uku. Ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995, kuma da azumi a bakinsa ya sha yin wasa. "Yaran yanzu fa? Su tsaya can nesa su yi ta jifa, tsoron turereniya suke." In ka ambaci Giannis, sai ya ce ai shi ma jininmu ne, Girka aro ta yi. In ka ce 'yan matan D'Tigress sun kai zagayen kwata fainal a Paris a 2024, sai ya ce albarkar Hakeem ce.

Duk waɗannan musu na nesa ne. Na kusa ya taso ne ranar da wani yaro ɗan shekara goma sha shida ya kawo wa mai shayi galan ɗin ruwa, sai da ya duƙa kafin ya shiga rumfa. Majalisa ta yi tsit. Malamin Lissafi ya aika aka aro tef wajen tela, aka tsayar da yaron jikin bango, aka auna tsawo, aka auna buɗin hannu, aka rubuta. Ya ce da saura kafin ya kamo Wembanyama na San Antonio, mai mita biyu da kusan kwata, amma yaro bai gama tsawo ba. Dillali ya zagaya shi, ya dubi idon sawu, ya matsa kafaɗa, ya ce ƙashi mai kyau ne, kiwo ya rage. Baba ya ce Hakeem ma gola yake yi a Legas, sai da ya kai sha biyar ya taɓa ƙwallon kwando. Baƙo ya ce to a bar shi a golan mana. Ɗan Zariya ya ce wasiƙa ɗaya zai rubuta, yaron nan ya shiga sansanin Giants of Africa na Masai. Aka tambaye shi adireshi, ya ce ba a gaggawa a harkar manya. Mai Zargi ya ce ko an kai shi, ɗan wani za a ɗauka.

Yaron dai ba wanda ya tambaye shi komai. Ya karɓi kuɗin ruwansa ya ce, "Baba, zan iya tafiya? Ana jirana a gona, yau muke karyar masara."

Aka yi karo-karo, mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, aka ce za a kafa jikin bedin da ke bayan rumfa. Malamin Lissafi ya ce doka mita 3.05 ce daga ƙasa, reshen kuma bai kai ba. Ɗan Zariya ya ce a Samaru ba a kafa kwando a bishiya. Zoben yana nan rataye a ƙusa, mai shayi na shanya matacinsa a kai, kuma ya ce ba zai sauke ba sai an biya shi bashin madarar da aka sha a zaman kwamiti.

Wannan bai hana ciniki ci gaba ba. Ɗan Zariya na son a fara kai yaron Kano Pillars, masu tarihin ɗaukar kofin ƙasa, ga kusa da gida. Malamin Lissafi ya fi son Rivers Hoopers ta Fatakwal, don sun je gasar Afirka ta BAL. Jiya Baƙo, don tsokana, ya ce shi ne wakilin Lakers, ya ba da Luka a ba shi yaron. Dillali ya kurɓi shayi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Albarka," in ji shi. "Sai dai in da ciko."