Kafin In Kalla, Wa Zai Mutu?

Samarin unguwarmu masu kallon katun ɗin Japan, wanda suke kira anime, sun ɗauke ni alƙali. Na girme su duka, na ga Voltron a talabijin tun iyayen wasunsu ba su yi aure ba, ga shi kuma Allah ya hore min baki. In gardama ta kaure a kan wane fim ɗin yaƙin sararin samaniya ne ya cancanci a ƙona masa data da cajin waya, wurina ake kawo ƙara. Sai in gyara zama, in yi gyaran murya, in yanke hukunci da kalmomi masu nauyi. Su a zatonsu zane nake aunawa, da kiɗa, da tsarin labari. Alhali ma'aunina guda ɗaya ne tak: wa zai mutu a ciki, kuma a kashi na nawa.

Ni matsoraci ne, iyakar maganar ke nan. Ba duhu nake tsoro ba, ba kare ba. Na sha zaman makoki na bai wa mutane haƙuri da muryar dattako, idona a bushe. Amma a kashe min mutumin da aka zana da alƙalami, wanda ba shi da uwa ba shi da uba sai wani mai zane a Tokiyo, sai abinci ya fita raina. Shi ya sa ba na fara kallon komai sai na shiga intanet na bincika jerin waɗanda za su mutu. In na ga sunan wanda na san zan so, sai in fara neman laifin da zan ɗora wa fim ɗin. Laifi kuwa ba ya wuyar samu ga mai nema. "Labarin yana yin sanyi daga tsakiya." "Zanen ya tsufa." "Marubucin ya rasa alƙibla." Da waɗannan jimloli uku na hana yara kallon abubuwa masu kyau da yawa, Allah ya yafe min.

Kamina ne ya ja min wannan ciwon. Gurren Lagann, wanda kamfanin Gainax ya fitar a 2007, kashi 27 ne, yana farawa a wani ƙauye na ƙarƙashin ƙasa ya ƙare ana dambe a tsakanin taurari. Kamina shi ne mai babban baki, ba riga, ga tabarau mai tsini, shi ke zuga yaron nan Simon mai haƙar rami har ya yarda da kansa. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya da na Cana ya san doka: jarumi ba ya mutuwa, bos ne ke mutuwa, shi ma sai a ƙarshe. A kashi na 8 aka kashe Kamina. Na takwas! Ko zama ban gama gyarawa ba.

Cikin dare ne, uwargida ta shigo da shayi ta tarar ina share ido da gefen riga.

"Maigida, lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Kamina."

Ta ajiye kofin ta yi salati. "Allah ya jiƙansa. Na wurin aikinku ne?"

Ban amsa ba, sai ta leƙa fuskar wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki kofin ta miƙa min a hannu, irin yadda ake miƙa wa mara lafiya. Na yi ƙoƙarin kare kaina, na tuna mata ita ma tana kuka in tana kallon fim ɗin Indiya. Ta ce ai waɗancan mutane ne masu jini a jika, kuma ko su ba ta taɓa cewa sun rasu ba.

Babban abin kunyata shi ne Legend of the Galactic Heroes. Ba wanda na fi yi wa talla kamarsa, ba kuma wanda na fi ha'inta. Asalinsa littattafai goma ne da Yoshiki Tanaka ya rubuta daga 1982 zuwa 1987, aka mai da su katun mai kashi 110 tsakanin 1988 da 1997. Ƙasashe biyu ne ke yaƙi a tsakanin taurari. Ɗaya daula ce ta sarakuna da 'ya'yan gata, inda wani saurayi, Reinhard von Lohengramm, ya sha alwashin kifar da gidan sarautar saboda sarki ya ɗauke yayarsa Annerose ya kai ta fada. Ɗayar kuma jamhuriya ce mai zaɓe da majalisa, wadda 'yan siyasa masu zaƙin baki suka cinye ta ciki, kuma mai kare ta shi ne Yang Wen-li, malalacin mutum mai son shayi da barci, wanda ya shiga makarantar soja don kawai ya karanta tarihi kyauta bayan mahaifinsa ya rasu bai bar masa komai ba. Yang ya san Reinhard ya fi shugabanninsa adalci da basira, amma yana yaƙarsa, don a ganinsa mutanen da suka miƙa wuya ga sarki nagari ba su da ta cewa ranar da mugu ya gaje shi. Wanda ya ga mulkin soja ya ga na farar hula ba sai an fassara masa wannan muhawarar ba.

Ina iya ba ka labarin yaƙin Astarte, inda Reinhard da jirage dubu 20 ya bi rundunoni uku masu jirage dubu 40 ɗaya bayan ɗaya kafin su haɗu su yi masa zobe. Ina iya zana maka a ƙasa yadda Yang ya ƙwace sansanin Iserlohn da dabara, da rabin runduna, bai rasa soja ko ɗaya ba. Amma kashi na 26 tsallake shi na yi, domin a nan ne Kircheis, aminin Reinhard tun na yarinta, ya tare wanda ya zo kashe ubangidansa da hannu banza, saboda an riga an hana shi shiga da makami. Daga 25 na dira 27, na tarar kowa fuska a murtuke, na yi kamar ban san dalili ba. A kashi na 81 kuwa na ja birki gaba ɗaya. Na san abin da ke cikin na 82. Na san Yang yana kan hanyar zuwa sulhu ne, na san wasu masu tsattsauran ra'ayi sun shigo jirginsa da yaudara, na san a cinya aka harbe shi, kuma jini ne ya ƙare masa a wani lungu na jirgin ba kowa a kusa, yana da shekara 33. Na karanta wannan ya fi a ƙirga. Kallo ne ba zan iya ba. Kashi 29 na ƙarshe ke nan da ban taɓa gani ba, kuma ni ne nake tsayawa a majalisa ina bayanin ma'anar ƙarshen labarin, har ina ɗaga yatsa.

Mai karatu da bai kalla ba, ka yi haƙuri na ɓata maka. Wannan ma wani reshe ne na ciwon: a zatona taimako nake yi in na faɗa wa mutum wanda zai mutu, su kuma yaran har toshe kunne suke in na buɗe baki.

Yoshiyuki Tomino kuwa tun daga nesa nake gaishe shi. Shi ne ya ƙirƙiro Mobile Suit Gundam a 1979, wanda aka katse a kashi 43 don bai samu masu kallo ba, sai daga baya kayan wasan roba da Bandai ta fara sayarwa a 1980 da finafinan silima suka tashe shi ya zama gagara-badau. Masoyansa na Japan da kansu suka laƙaba masa sunan mai kashe kowa, kuma wanda ya san yadda wani aikinsa, Ideon, ya ƙare a fim ɗin 1982 ba zai ce sun yi masa ƙazafi ba. In aka tambaye ni Zeta Gundam na 1985, "zanen ya tsufa" nake cewa. Bakin da ya yabi zanen 1974 ke faɗar haka.

Na 1974 ɗin shi ne Space Battleship Yamato, na Yoshinobu Nishizaki da Leiji Matsumoto, kuma a nan na gano ina da 'yan'uwa a Japan. An tono jirgin ruwan yaƙin nan da Amurka ta nutsar a watan Afrilun 1945, aka mai da shi kumbo, aka ba shi shekara guda ya je duniyar Iscandar ya ɗauko abin da zai wanke duniyarmu daga guba. Kyaftin ɗinsa, tsoho Okita, yana fama da ciwo tun daga farko, ya cika daidai lokacin da duniya ta bayyana a tagar ɗakinsa. To ka ji abin da masu shirin suka yi. A fim ɗin 1978 sun kashe yawancin manyan jirgin, sai kuma suka sake ba da labarin a talabijin da wani ƙarshe daban, jaruman suka tsira. A 1983 kuwa suka dawo da Okita kansa, wai ashe likita ne bai duba da kyau ba. Masana suna kiran wannan kwaɗayin kuɗi. Ni da na ji, cewa na yi Allah ya yi musu albarka, sai da na bincika na ga sun sake kashe shi a fim ɗin na janye addu'ata.

Saura Cowboy Bebop, wanda in aka matsa min in faɗi gaskiya shi zan ce a fara da shi. Shinichiro Watanabe ya shirya shi a 1998, kashi 26, Yoko Kanno ta yi kiɗan. Mafarauta masu laifi ne a shekarar 2071, kullum a talauce, kullum cikin yunwa, tun a kashin farko ana rigima a kan abincin da aka ce na nama ne amma ba nama a ciki. Spike, Jet, Faye, yarinyar nan Ed da karensu Ein suna zaune a jirgin kamar 'yan gidan haya da ba jini ya haɗa su ba sai tukunya, kowa na cewa gobe zai tashi. Ina kallo daga na 1 zuwa na 24, in koma na 1. Na 24 ɗin ma da ƙyar nake haɗiye shi. Jet ya dafa ƙwai tuli guda don kowa da kowa, sai aka tarar Ed ta tafi da karen, Faye ma ba ta nan. Maza biyu suka zauna suka yi ta ɓare ƙwan suna cusawa a baki, nasu da na waɗanda suka tafi, ba wanda ya ce uffan. Ba a kashe kowa ba a wurin, amma sai na tashi na sha ruwa. Kashi biyun ƙarshe, inda Spike ya koma ya fuskanci abokin gabarsa Vicious, har yau masoya na gardama ko ya mutu ko suma ya yi. Ina cikin masu cewa suma ya yi, kuma ina kare ra'ayina da zafi, ba tare da na ga wurin ba.

Waɗanda nake tura yara su kalla da zuciya ɗaya an san su. Space Dandy na 2014, shi ma na Watanabe, inda jaruman ke iya hallaka yau su dawo garau a kashi na gaba ba wanda ya tambayi ba'asi. Astra Lost in Space na 2019, kashi 12, yara tara sun ɓace a sararin samaniya kuma na ƙirga su da kaina sun dawo cif. Sai Planetes na 2003, wanda ko ba don tsorona ba ya cancanci yabo: 'yan kwashe shara ne a samaniya a shekarar 2075, ƙananan ma'aikatan da kamfani ya raina, suna tsince tarkacen tsofaffin taurarin ɗan'adam, domin a can ko ɗan ƙusa yana gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa, ya isa ya tarwatsa jirgin fasinja. Akwai kashi guda da aka ƙarar a kan matuƙiyar jirginsu, Fee, tana neman inda za ta sha sigari ɗaya. A can ma an ɗauke wani tsohon malami, amma na sani tun da wuri, na yi shiri.

Ɗan yayata ne ya fara gano ni. Yaro ne mai shiru, yana zama a ƙarshen benci yana danna waya, na ɗauka ba ya sauraro. Ashe rubutawa yake. Ranar nan ya biyo ni har soro ya nuna min jeri biyu a wayarsa, na waɗanda na yaba da na waɗanda na kushe.

"Kawu, na biyun nake kalla. Duk wanda ka ce ya yi sanyi daga tsakiya, in na kai tsakiyar sai in tarar an kashe wani. Kuma su suka fi daɗi."

Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma sharhi ilimi ne mai zurfi. Ya gyaɗa kai cikin ladabi. Sannan ya ce ya sauke kashi na 82, cajinsa a cike yake, in na ga dama bayan sallar isha'i ya zo mu kalla tare, shi ba zai gaya wa kowa ba in na yi wani abu.

Na ce masa ina da baƙi bayan isha'i. Ya ce to gobe. Na ce goben ma suna nan, daga nesa suka zo.