Gaisuwa ga Mai Girma Me-Mutane-Za-Su-Ce

Ranka ya daɗe, Me-Mutane-Za-Su-Ce, mai mulkin da ba a zaɓa ba kuma ba a tsigewa. Tun da Janar Sani Abacha ya yanke Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, kantomomin soja sun zo sun tafi, Hashidu ya yi ya sauka, Goje ya yi takwas, Dankwambo ya yi takwas, Inuwa Yahaya ma ranar saukarsa a rubuce take. Kai kaɗai ne ba ka da wa'adi. Ba ka da ofis, ba ka da ɗan sanda ko ɗaya, amma daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tumfure, babu gidan da ba a bin dokarka, na Musulmi da na Kirista, na mai hali da na talaka.

Harajinka kuwa ba ka tsawwala ba, Allah ya ja zamaninka. Ɗan anko ne kala uku a biki ɗaya, ɗan akwatin lefe ne da za a buɗe a tsakar gida 'yan ganin ƙwaf su ƙirga turame, ɗan kayan ɗaki ne da uba zai sayar da gonarsa ta Kwami ko Dukku ya saya don kada dangin miji su raina. Malamin firamare ya ci bashin da albashin shekara ba zai biya ba, ya fita kunya kwana ɗaya, ya koma wasan ɓuya da masu binsa. Wane mai mulki ne talakawansa ke cin bashi su kawo masa haraji da ƙafarsu, suna guɗa?

Aikinka da ya fi kowanne cancantar yabo shi ne tsaron aure. Yarinya ta sauka daga Keke Napep bayan isha'i, goyo a baya, ledar kaya a hannu, ta ja mayafi ta rufe idon da ya kumbura. Uwarta ta gani. Wallahi ta gani, har hannunta ya tafi zai taɓa wurin, sai ka yi mata raɗa, ta janye. Ta ce, “Me kika yi masa?” Daga nan sai karatun da ka biya wa iyaye tun kaka da kakanni: “Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki. Ƙannenki biyu ba su yi aure ba, so kike a ce 'ya'yan gidan nan ba sa zaman aure? Ni da kika gan ni, kin san abin da na shanye?” Da safe wanta ya goya ta a babur ya mayar. Asiri ya rufu, unguwa ba ta ji ba, ka yi nasara. Darasin da ta koma da shi kuwa ya fi dukan daɗewa a jiki, domin ta gane cewa a gidan da aka haife ta, bakin maƙwabta ya fi idonta daraja. Nan da 'yan shekaru ba sai an mayar da ita ba, ba za ta ma fito ba. Sai dai ka ji tana cewa, “Ai laifina ne, ni ce ban iya zama da miji ba.”

Samari ma ba ka manta da su ba. Jami'ar Jihar Gombe tun 2004 take, ta Tarayya da ke Kashere tun 2011, duk shekara suna yaye ɗalibai, kujerun gwamnati kuwa ba sa haihuwa. Sai ka tsare wa ɗan digiri mutuncinsa, ka hana shi zama gaban tela ya koyi ɗinki, ka hana shi awon masara a Tudun Hatsi. Ya goge shaddarsa ɗaya tilo, ya zauna majalisa har la'asar, ya leƙa Facebook ya ga sa'anninsa jingine da motoci, wasu ma na aro, ya koma ɗaki ya kwanta yana lissafin cewa shi kaɗai duniya ta tafi ta bari.

A nan gwanintarka take. Sauran masu mulki sai sun ɗauki 'yan leƙen asiri aiki, kai kuwa a ƙirjin kowa ka naɗa wakili, yana aiki dare da rana ba albashi. Da muryar mutum yake yi masa magana, shi ya sa ake ɗauka gaskiya ce. Shi ke gaya wa bazawara ta zama ragowa, wadda ta kai talatin ba miji ta yi kwantai, wadda ba ta haihu ba a banza take cin tuwon gidan miji, magidancin da jarinsa ya karye kuma ya tashi daga namiji. Kuma ba a taɓa tambayarka su wane ne mutanen nan da za su ce ba. Da za a ƙirga su, wataƙila mata uku ne a gidan suna da wani mai zaman teburin shayi, waɗanda kafin magariba sun koma kan wani, kowannensu kuma a tsorace yake da bakin sauran.

Idan abin ya ci ƙarfin mutum, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita a ransa, ya daina fita, ya daina ko wanka, likitoci sun ce ciwon damuwa ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta taɓa ƙiyasta masu fama da shi sun kai kusan miliyan 280. Kai ka fi su sani. Ka ce rashin tawakkali ne, ko sammu, ko iska, komai dai ban da asibiti, domin wanda aka gani a layin likitan ƙwaƙwalwa tasa ta ƙare, har ƙannensa mata sai sun rasa manema. Gara a kulle shi a ɗakin baya a ce wa baƙi ya yi tafiya. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyayensu ne suka kai su da sunan gyaran tarbiyya. Gwamnati ta yi yunƙurin shiga gonarka, Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe. Likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma 'yan kaɗan ɗin ma ka iya tare hanyar zuwa wurinsu.

Har rigar addini kake ara ta zauna maka cif. Ka sa an manta cewa Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki malaman tarihi ke kiranta. Babu malamin da ya ce raunin imani ne. Ina ba ka shawara ka ci gaba da ɓoye sunan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, mai littafin Masalihul Abdan wal Anfus. Mutumin nan maƙiyinka ne. Ya raba baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya nuna na biyun yana da alaƙa da jiki, magani yake so. Ya kuma koyar da cewa mutum ya tanadi tunani nagari tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida, don ranar da mugun tunani zai taso. Bayan shekara dubu, wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya gina hanyar jinya a kan irin wannan a shekarun 1960. Majinyaci zai rubuta abin da zuciyarsa ke gaya masa, sai a bi shi da tambaya. Wa ya faɗa? Ina shaida? Da ƙawarki ce a wannan hali, haka za ki ce mata? Ranar da tambayoyin nan suka shiga gidajen Herwagana da Kumbiya-kumbiya, mulkinka ya girgiza.

Gaisuwa ta ƙare, sauran magana da ku ce, jama'ar Gombe. Jin nauyin mutane yana hana ɓarna da yawa, ban musa ba, amma kunyar da ke mayar da 'yarka hannun mai dukanta, ko ta kulle ɗanka marar lafiya a ɗaki, zalunci ce, kuma masu surutun ba za su taya ka amsa tambayarsa gobe ƙiyama ba. 'Yar'uwa, ɗan'uwa, idan ƙuncin ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A yanki kati a ga likita, a ci gaba da addu'a. Idan har tunanin kashe kai ya fara zuwa, a gaya wa wani yau, kada a kwana da shi. Ku kuma iyaye, ranar da 'yarku ta shigo da rauni a jiki, ku fara kai ta asibiti, ku kira waliyyan mijin a zauna, kafin wani ya ɗauko maganar komawa.